Sunayen Iska, Ƙasa da Ruwa a Dakoro

Nazarin ƙasa da ruwa da iska a Dakoro tambaya ɗaya yake bi: ruwan da ya sauko daga sama, ina yake zuwa? Garin yana arewacin jihar Maraɗi ta Nijar, fiye da kilomita 100 daga birnin Maraɗi, daidai inda gonakin hatsi suke fara sirancewa, filin kiwo yake buɗewa har ya dangana da Abzin. Ruwan da yankin yake samu a shekara bai cika fita daga tsakanin milimita 300 zuwa 400 ba, kuma kusan dukkansa cikin wata uku yake zuba. Rana da busasshiyar iska kuwa, da za a ajiye musu ruwa a fili shekara guda, sai su ɗauke abin da ya haura milimita 2,000. Tsakanin abin da sama take bayarwa da abin da take iya karɓewa akwai rata mai faɗi, kuma a cikin ratar nan Gobirawa da Adarawa da Tagamawa da Fulani da Abzinawa suka yi zamansu. Abin da suka lura da shi tun kaka da kakanni a cikin kalmomi suka adana shi. Wanda ya bi kalmomin nan ɗaya bayan ɗaya zai tarar kusan kowacce hukunci ce da aka yanke wa wata iska ko wani fili bisa abin da yake yi da ruwa.

Iskoki biyu ne suke karɓa-karɓar shekara. Ta farko daga arewa maso gabas take busowa, ta ratso Sahara babu laima tare da ita. Ita ce hunturu idan ta zo da sanyi da hazo tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Ta biyu daga tekun Atlantika take tasowa, ta shigo ta kudu maso yamma ɗauke da tururin ruwa. Inda suka yi karo akwai wani layi da masana yanayi suke bibiya a taswira. Layin rana yake bi: ya hau arewa, ya wuce Maraɗi da Dakoro wajen watan Mayu, ya kai cikin hamada a Agusta, sannan ya juyo. A Dakoro rana takan tsaya tsaka cak, inuwar mutum ta shige ƙarƙashin ƙafarsa, sau biyu a shekara, a ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta. Amma wucewar layin daban, zuwan ruwa daban. Iskar teku da siririn baki take shigowa, tana rarrafe a ƙarƙashin busasshiyar, kuma sai ta yi kauri, can ɗaruruwan kilomita a bayan layin, kafin ta iya haifar da hadari. Wannan jinkiri shi ne ƙarshen bazara: iska ta juya, jiki ya jiƙe da gumi, fatar da hunturu ya ƙandarar ta yi laushi, zafi ya haura digiri 40, ƙasa kuwa ba ta ga ko ɗigo ba.

Sunayen lokutan shekara ba kwanan wata ne yake buɗe su ba. Ɗari, rani, bazara, damina, agajeri, kaka, kowanne sai an ga alamarsa ake kiran sunansa. Shamuwa, wadda take ƙaura zuwa kudancin Afirka da rani, takan iso ta yi sheƙa a itatuwan gari dab da saukar ruwa, domin fara da ƙwarin da damina take fitarwa su ne abincinta. Gawo yakan zubar da ganye a lokacin da sauran itatuwa suke tohowa. Saboda haka damina a Kano da damina a Dakoro suna ɗaya suke amsawa, amma ta Kano takan kai wata huɗu zuwa biyar, ta Dakoro da ƙyar take cika uku. Gaisuwa ma tana ɗauke da wannan lura. Ana cewa “Ina sanyi?” a amsa “Lokacinsa ne.” Ana cewa “Ina ruwa?” a amsa “Ya yi gyara.” Amsar nan ta biyu ba ta faɗi yawan ruwan ba, aikinsa ta faɗa, kuma a ƙasar da ruwa guda yake iya raya gona ko ya share ta, aikin shi ne abin tambaya.

Hazon hunturu yana da tushe sananne. Kaso mai yawa nasa daga kwarin Bodele yake tasowa a arewacin Cadi, inda a da gindin wani babban tabki ne, ya ƙafe ya bar farar ƙura mai laushi. Ita ce take dusashe rana, ta tsattsage leɓe, ta raunana hanci da maƙogwaro a watannin da sanƙarau ya fi kamu. Ita ce kuma take sauka a gonaki da ɗan abin da take ɗauke da shi na abincin shuka, wani sashenta ma har ya ƙetare teku ya sauka a dajin Amazon.

Hadari ya fi kowane abu na sama yawan kalmomi, kuma akwai abin ɗaure kai a cikinsa. Laima daga kudu maso yamma take zuwa, hadari kuwa daga gabas yake tasowa. Duk yaron da ya yi kiwo a Kornaka ko Birnin Lalle ya san gabas ake duba. Gajimaren da ya riga ya koma yamma rabon wasu ne. Dalilin yana can sama, kilomita uku zuwa huɗu daga ƙasa, inda wata iska mai ƙarfi take kwarara daga gabas zuwa yamma duk tsawon damina. Bambancin zafi tsakanin hamada da ƙasashen kudu masu dausayi ne yake haifar da ita. Idan rana ta gasa ƙasa, iska mai laima ta yi sama ta zama gizagizai masu tsawon fiye da kilomita goma, sai iskar gabas ɗin nan ta jera su sahu guda ta kora su yamma, da gudun da yakan kai kilomita 50 zuwa 60 cikin awa. Sahun yana iya yin faɗin ɗaruruwan kilomita. Sau da yawa a kan tuddai yake haɗuwa, irin su duwatsun Abzin da tsaunukan Jos da Darfur, ya kwana yana tafiya. Daga irin waɗannan Sahel take samun mafi yawan ruwanta, kuma wasu daga cikin jujjuyawar iskar da take rakiyarsu, in sun faɗa teku ta wajen Senegal, su ne suke girma su zama guguwar da take rusa gidaje a tsibiran Karibiyan da Amurka.

Hausa ta bi hadari mataki-mataki: yakan haɗu, ya yi gangami, ya taso, ya sauka, ko kuwa ya watse. Da la’asar gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta ɗauke ɗif, awaki su nufo gida da kansu, mata su kwashe shanya a rufe bakin rumbu. Sai jar ƙura ta tunkaro ta rufe gari, a bayanta sanyi mai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Sanyin nan iska ce da ruwan cikin gajimare ya sanyaya, ta yi nauyi ta faɗo, ta bazu a gaba tana share yashi. Ita ce kuma take cusa kai a ƙarƙashin iska mai ɗumi ta ɗaga ta, sabon gajimare ya haihu a goshin tsohon, da haka hadari yake sabunta kansa yana tafiya. Ruwan farko mai kauri ne da ƙarfi, bai cika wuce awa guda ba. Abin da yake biyo baya yayyafi ne mai iya ɗaukar sa’o’i. In iskar ta zo ruwan bai biyo ba, hasara biyu aka yi, domin yashin da take tafe da shi yakan yanke ƙaramin hatsi ko ya binne shi, sai an sake shuka. Daga nan ake gane dalilin da ya sa aka ware tsattsafi da yayyafi da mamako da malka. Mamako, wanda yake zuba a hankali ya daɗe, ƙasa tana samun sukunin shanye shi. Malka, wato kwanakin nan na Agusta da gari yake lumshewa ruwa ya yi ta zuba ba ƙaƙƙautawa, a Dakoro ba kowace shekara ake ganin ta ba, kuma shekarar da ta zo ana gane ta a rumbu.

Ma’aunin ruwan sama da milimita yake magana. Milimita ɗaya lita ɗaya ce a kan fili mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya. A hekta guda lita 10,000 ke nan, damina mai milimita 350 kuwa ta zuba wa kowace hekta lita miliyan uku da rabi. Manomi hannunsa ne ma’auninsa. Washegarin ruwa yakan tona rami a gona ya ga inda danshi ya tsaya. In ya yi zurfin da zai riƙe tsiro kwanaki, sai ya ce an yi ruwan shuka. A 1988 wani mai bincike a cibiyar ICRISAT ta Sadore kusa da Yamai, M. V. K. Sivakumar, ya gindaya wa wannan magana ƙa’ida da lissafi: damina ta fara idan bayan 1 ga Mayu an sami milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma cikin kwana 30 da suka biyo baya ba a yi fashin ruwa na fiye da kwana 7 ba. Sharaɗin farko ya yi daidai da abin da hannu yake ji a rami. Na biyun sai bayan wata guda ake sanin ko ya cika, manomi kuwa ba shi da watan jira, tunda hatsinsa yana buƙatar kusan wata uku kafin ya nuna. Shi ya sa ake binne, a zuba iri a busasshiyar ƙasa tun kafin ruwa, a karɓi kasadar rasa irin don kada a rasa kwanakin. Ƙari a kan haka, hadari ba ya raba daidai. Ma’aunai kimanin ɗari da aka baza a wani yanki kusa da Yamai daga 1990 sun nuna ƙauyuka biyu masu tazarar kilomita goma suna iya ƙare damina da jimilla mabambanciya ƙwarai. “Ruwa ya tsallake mu” magana ce da awo ya gaskata.

Ƙasar Dakoro galibinta yashi ce, yashin kuwa iska ce ta tara shi a zamanin da hamada ta sauko kudu fiye da inda take yau, kimanin shekara 20,000 zuwa 12,000 da suka wuce. Tuddan nan da hanya take hawa tana sauka tsofaffin tulin rairayi ne da ciyawa da sabara suka ɗaure. Wannan ita ce jigawa. A awon masana matalauciya ce: kusan kashi 90 cikin ɗari yashi, rubabben ganye kaɗan, sinadarin fosfor da shuka take buƙata ya yi ƙaranci. Duk da haka manomin arewa yana girmama ta, kuma yana da hujja. Jigawa ba ta barin ruwa ya gudu, duk abin da ya sauka takan shanye. Saiwar hatsi tana ratsa ta cikin sauƙi har kusan mita biyu. Idan rana ta fito, ɗan saman ne yake bushewa, ya zauna a kan danshin ƙasa kamar murfi a bakin tukunya, ya rage abin da rana za ta janye. A shekarar ƙarancin ruwa jigawa ce take fitar da mai gida kunya.

Geza ta fi ta ƙarfi da abincin shuka, domin tana da ƙasa mai laushi gauraye da yashin, kuma sunanta ɗaya da ɗan itacen nan da yake son irin wannan wuri. A shekara mai ruwa tana ba da dawa da wake mai kyau. Aibinta shi ne samanta yana daskarewa. Ɗigon hadari yana faɗowa da gudun da ya kai mita tara cikin daƙiƙa. In babu ganye ko kara da zai tare shi, sai ya farfasa ƙwayoyin ƙasa, masu laushin su toshe ƙofofin da ruwa yake bi, a sami ɓawo wanda kaurinsa bai wuce ƴan milimita ba amma ya isa ya hana ruwa shiga. Inda wannan ya yi nisa shi ne fako, ko hako a bakin Gobirawa: fili mai sanƙo, mai ƙyalli bayan ruwa, wanda iri ba ya samun wurin maƙalewa a kansa. Maganinsa sananne ne. A shimfiɗa karan hatsi ko rassan sabara a kai. Iska ta tara yashi da irin ciyawa a jikinsu, gara ta taso daga ƙasa don cin karan, ta bar ramuka, ruwa ya bi ramukan. Tassa da rabin wata, waɗanda suka yaɗu a jihar Tawa kafin su bazu, dabara ɗaya ce da ƙarin aiki: a fasa ɓawon, a tare ruwan a inda ya faɗi, a zuba taki a kira gara. Fadama, ko hwadama, ita ce inda ruwan da ya gudu daga fako yake taruwa da lakar da ya kwaso, baƙar ƙasa mai daddarewa da rani.

Abin lura a nan shi ne sunayen nan ba na dindindin ba ne. Jigawar da aka sare wa itatuwa aka kwashe wa kara, iska tana iya ɗebe samanta ta koma fako cikin ƴan shekaru. Fakon da aka yi wa aiki yana iya komawa gona. Shi ya sa ake yi wa ƙasa magana da kalmomin mai rai: ta gaji, ta mutu, ta huta, ta farfaɗo. Ana kuma cewa taki yana sa gona zafi, kuma gaskiya ne a shekarar fari hatsin da ya yi saurin girma a kan taki yakan shanye danshinsa da wuri ya ƙone kafin na maƙwabci. Taswirar masana takan ba fili suna guda ta bar shi da shi shekaru. Bakin manomi yana sake masa suna da zarar halinsa ya sake, kuma a wannan fanni shi ya fi kusa da gaskiyar ƙasar.

Ruwan da ya gudana a saman ƙasar Dakoro ba ya kai wa teku. Korama ta kwashe shi ta zuba a tabki, nan yake zama wata guda ko uku ko fiye, dabbobi su sha, rana ta ɗauki rabonta, saura ya tsiyaye ƙasa. Wannan tsiyayar ta gindin tabkuna tana cikin manyan hanyoyin da ruwan ƙarƙashin ƙasa yake samun ƙari a Sahel. Amma ƙasar tana ɗauke da sunayen manyan ruwaye. Kwarin Tarka ya ratsa gundumar Dakoro daga gabas zuwa yamma kafin ya karkata kudu ta wajen Madawa, inda ruwa yake kusa har ake noman albasa da rani. Gulbin Kaba ya zagayo ta kudu, ya bar sunansa a garin Ɗan Gulbi. Wanda ya tsaya a tsakiyarsu da rani faɗin kilomitoci zai gani na ƙasa mai kwari, babu ruwa mai gudu. Koguna ne na gaske a zamanin da Sahara take da dausayi, kimanin shekara 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce, zamanin da aka sassaƙa raƙuman dawa a kan dutsen Dabus a Abzin, mutane kuma suna kamun kifi a Gobero, inda yau rairayi ne zalla. Kalmar gulbi ta riƙe abin da ido ya daina gani, kuma ba ta yi ƙarya ba, domin ruwan yana nan a ƙarƙashin kwarin, ya fi kusa da sama fiye da na tudu. Goriba, wadda kabarta ta ba gulbin suna, ba ta yawa sai inda saiwarta take taɓa ruwa.

A kan tudu kuwa sai rijiya mai zurfi, wadda ake auna ta da gaba. Rijiya mai gaba talatin ko arba’in ba abin mamaki ba ce a arewacin Dakoro. Hannu ba ya iya jan wasaki daga irin wannan zurfi yini guda, don haka raƙumi ko sa ko jakuna ake ɗaura wa igiya, yaro ya kora su su miƙe, wani a bakin rijiya ya yi kira idan wasakin ya iso, a juye a kwami. Tsawon turbar da dabbobin suka tattake daga bakin rijiya shi ne zurfinta, a shimfiɗe a fili kowa yana gani. Ruwan da ake jawowa yana kwance ne a cikin ƙofofin dutsen yashi na wani babban kwarin ƙarƙashin ƙasa da masana suke kira Iwillimidan, sunan wata ƙungiyar ƙabilun Abzinawa, wanda Nijar da Mali da Najeriya suke tarayya a kansa. Awon kabon-14 ya nuna ruwan da yake can ƙasa sosai ya shekara dubbai, tun zamanin dausayin nan ya shiga, kuma abin da damina take mayarwa yanzu kaɗan ne. Rijiyar burtsatse tana kai wa gare shi, sai dai zurfi ba shi ne tsabta ba: a Tibiri kusa da Maraɗi, ruwan wata rijiya mai zurfi da yake ɗauke da sinadarin fulorid fiye da kima ya ɓata haƙora ya tanƙwara ƙasusuwan yara da yawa kafin a rufe ta. A yankin kiwo rijiya ta wuce wurin sha. Shanu ba sa iya nisa da ruwa fiye da tafiyar yini da rani, saboda haka mai iko da rijiya shi ne mai iko da ciyawar da take kewaye da ita, ko da ba a taɓa cewa ciyawar tasa ce ba. Dokar karkara ta 1993 ta amince wa makiyaya da haƙƙin fifiko a mazauninsu na asali saboda wannan dalili.

Hukuma ma ta yi ƙoƙarin ba ƙasar suna. Dokar 26 ga Mayu 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, a kusan inda ruwan shekara yake milimita 350, ta bar abin da yake bayanta ga kiwo. A wannan yanki kwarin Tarka ake ɗauka alamar iyakar. An shata ta ne a ƙarshen shekaru masu ruwa. Daminun shekarun 1950 sun jawo manoma daga kudu suka kafa ƙauyuka a kewayen Dakoro, wanda Faransawa suka mai da mazaunin mulki a 1947. Daga ƙarshen shekarun 1960 ruwa ya ja baya. Farin 1973 da na 1984 sun karkashe dabbobi sun tarwatsa gidaje, ruwan Sahel ya ragu da kashi 20 zuwa 40 cikin ɗari, layukan ruwa na taswira suka zame kudu fiye da kilomita 100. Iyakar doka ta tsaya a inda take, ruwa ya koma kudu da ita, gonaki kuma saboda ƙaruwar jama’a suka ci gaba da hawa arewa da ita, burtali yana ƙuntata. Dokar kiwo ta 2010 ta sake tabbatar da iyakar, amma a ƙasa rigimar gona da garke ba ta ƙare ba. Mutane ba da lambar shekara suke tuna waɗannan lokuta ba, da suna suke tuna su. Yunwar 1913 zuwa 1914 Kakalaba ce. Ta 1984 Ƴar Buhari ce, ko El-Buhari, saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya da gwamnatin Buhari ta yi, hanyar da hatsi da ƴan ci-rani suke bi. Sunan ya nuna jama’a sun bambance fari da yunwa: fari daga sama yake, yunwa kuwa sai kasuwa da hanya da mulki sun sa hannu.

An daɗe ana muhawara a kan musabbabin farin. A 1975 Jule Charney ya kawo ra’ayin cewa ƙasar da kiwo ya tsiraita tana mayar da hasken rana sama, iska ta yi sanyi ta sauko, hadari ya kasa haɗuwa. Ra’ayin yana da ƙamshin gaskiya, amma ya ɗora wa makiyayi da manomi laifin da ya fi nasu nauyi. Binciken Chris Folland da abokansa a 1986, da na Alessandra Giannini a 2003, sun nuna babban dalilin yana teku: arewacin Atlantika ya yi sanyi idan aka gwada da kudancinsa, tekun Indiya ya yi ɗumi, iskar damina ta rasa ƙarfin hawa arewa, kuma hayaƙin masana’antun Turai da Amurka yana da hannu a sanyin. Awo a Nijar ya ƙara nuna cewa a shekarun fari yawan haduran ne ya ragu, musamman a tsakiyar damina, fiye da girman kowane ɗaya. Tun shekarun 1990 ruwa ya ɗan dawo, amma da wani hali. Binciken Christopher Taylor da abokansa a 2017 ya nuna hadura mafi tsanani a Sahel sun ninka sau uku tun 1982, abin da suka danganta da ƙaruwar zafin Sahara. Jimillar shekara tana iya cika alhali ruwan ya zo cikin ƴan kwanaki masu ambaliya, da dogon fashi a tsakani.

Akwai magana ɗaya da ta shiga bakin rediyo da makaranta wadda take buƙatar hattara: gurgusowar hamada. Tana sa a ɗauka rairayi ne yake tahowa sahu guda daga arewa yana cinye gari bayan gari. Hotunan tauraron ɗan’adam da Compton Tucker da abokansa suka bincika a 1991 sun nuna gefen hamada yana sauka yana hawa da ruwan kowace shekara: ya sauko fiye da kilomita 200 tsakanin 1980 da 1984, ya koma kimanin 100 a shekara guda da ruwa ya dawo. Lalacewar da take dawwama daga ciki take farawa, tabo-tabo, a bakin rijiya da gefen gari da gonar da aka aske. Inda take farawa nan ake iya tsayar da ita. A jihar Maraɗi, tun daga 1983, Tony Rinaudo da manoman da ya yi aiki da su suka yaɗa abin da ake kira sassabin zamani: maimakon a sare duk tohon da ya fito daga kututture lokacin sharar gona, a zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi a bar su, a datse saura. Saiwar tana raye a ƙasa tun da can. An ƙiyasta gonakin da suka sake yin itatuwa ta wannan hanya a kudancin Nijar sun kai hekta miliyan biyar, da gawo da kalgo da aduwa da magarya suna karya iska suna zubar da ganye. A arewa, gandun dajin Gadabeji mai hekta 76,000, wanda aka keɓe tun 1955, ya karɓi raƙuman dawa daga yankin Kure a 2018 bayan shekaru da ɓacewarsu daga can.

Hasashen damina yanzu aikin hukumomi ne. Cibiyar AGRHYMET, wadda aka kafa a Yamai a 1974 bayan babban fari, tare da cibiyar ACMAD da ma’aikatun yanayi na ƙasashen yankin, sukan zauna kowace shekara kafin ruwa su duba zafin teku su fitar da hasashe. Ba ya cewa ranar kaza za a yi ruwa a garin Sakabal. Abin da yake faɗa shi ne wanne ya fi rinjaye cikin uku, damina mai ruwa fiye da yadda aka saba, ko daidai, ko ƙasa da haka, tare da ko za ta fara da wuri da ko za a yi dogon fashi, kuma “yadda aka saba” ɗin nan matsakaicin shekara 30 ne, yanzu na 1991 zuwa 2020. Magana ce a kan faɗin yanki, gona guda kuwa tana buƙatar nata awon. Cikin shekarun 2010 ƙungiyar CARE ta sa ma’aunan ruwa a wasu ƙauyukan gundumar Dakoro, mutanen gari suna karantawa bayan kowane hadari su aika da adadin a watsa a rediyo, manomi ya haɗa shi da abin da ya gani a rami kafin ya zaɓi irin da zai shuka, mai saurin nuna ko mai dogon zango. Fulani kuma har yanzu suna tura garso gaba kafin garke ya tashi, ya dubo ko ciyawa ta fito da wace iri ce, ƙarangiya ko wadda ta fi ta, da kwana nawa tabki zai yi kafin ya zama laka, sai dai yau yakan aiko da labarin ta wayar salula tun bai juyo ba.